Juyen Farko a Gidan Suruki

Baba Sanda ya rasu.

Da safen nan ina gaban allo a lekol, wato makarantarmu ta Jiratawa, kiran matata Rabi ya shigo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinta ne, surukina, tsohon makanike a Tsibiri da ya bar gareji ya koma noman hatsi. Yanzu muka dawo daga kai shi makwancinsa.

Na zauna in rubuta abin tausayi, amma duk inda na juya dariyarsa nake tunawa. Ku yi mini haƙuri, yadda na san shi zan faɗa.

Shekarar da aka ɗaura mana aure na sayi babur sabo fil, don hawan kabu-kabu daga Sabon Garin Maraɗi zuwa Jiratawa ya ishe ni. Ranar da zan fito da shi, dila ya ja mini kunne: juyen mai na farko a shagonsa za a yi. In wani ya kwance noti a gida, garanti ya tashi, ko inji ya buga gobe kada in zo masa da kuka.

Na ce to, wa ma zai taɓa?

Ashe Baba zai taɓa. Ya faɗa wa Inna, surukata, Inna ta faɗa wa Rabi, Rabi ta faɗa mini: in kai babur Tsibiri ran Asabar, shi zai yi masa juyen farko da hannunsa. Duk babur ɗin da ya shigo danginsu haka ake yi masa.

Ku da kuka san surukuta kun san halin da na shiga. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, in na hango shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi, shi zan aika wa cewa na fi yarda da makanikan dila?

Rabi ta ce, "Ka gaya musu da bakinka mana."

Wane bakin?

Na haƙura da garanti. Na kama hanyar Tsibiri gabana yana faɗuwa, don gumin shekaru na zuba a babur ɗin nan.

Na tarar ya shimfiɗa buhu a gindin bedi, wato dogon yaro, ya jera sifanu, ya ajiye tsohuwar tasa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kwanta a gefen babur, ya ɗora sifana, sai ya tsaya.

"Mushe," in ji shi, yadda ake kiran mu malaman lekol, "mi ne ne wanga jan fenti bisa noti?"

"Shaidar dila ce, Baba."

"Shaidar mi?"

Kaina a ƙasa na yi masa bayani, murya kamar ta ɓarawon da aka kama.

"Kuma ka tsaya kana kallona in murɗe?"

"Ku kuka ce in kawo, Baba."

Wallahi sai da sifana ta faɗi daga hannunsa don dariya. Ya ƙwala wa Inna kira: "Hito ki ga wanda kunya za ta ci wa inji."

Ya kakkaɓe rigarsa ya ce in tada mu tafi.

Na goya surukina a bayana, hannuwansa a kafaɗuna, muka ratsa Tsibiri mutane suna leƙe. Duk tsawon hanya yana zungurina: "Sannu dai, sabon inji bai son gudu." Da masu keke muka riƙa jerawa har Maraɗi.

A shagon dila ya samu benci ya kafa ido. Ya yi musu tambaya kan buji, wato fulogi, ya sa aka sake duba sarƙa, da suka gama ya ce aikinsu ya yi kyau. Sannan ya miƙa musu galan ya ce su zuba masa tsohon man, ƙafafun rumbunsa na jira, gara ba ta san garanti ba. Kafin mu fita duk shagon ya koma kiransa Baba.

Da wa'adin garanti ya ƙare, juye ya koma gindin bedi. A can na koyi gane mai da ido, da jin inji da kunne. Ban taɓa barin gidan ba sai na tarar an ɗaure mini wani abu a bayan babur, gyaɗa ko zogale ko damin hatsi, kuma in na tambaya kowa ya ce bai gani ba. Ranar da hadari ya haɗu, sai ya kira Rabi ya tambaya ko na iso gida.

Amma surukuta tana nan daram. Ni Mushe ne, abincina a zaure ake kai mini, ni kaɗai.

Ganinmu na ƙarshe bayan girbin nan ne. Hannunsa ya fara rawa. Ya zauna a kujera ya miƙo mini sifana, na kwanta a buhun nan na yi komai yana kallo. Da na gama ya sunkuyo ya taɓa noti, ya gyaɗa kai.

Inna ta kawo tuwo. Na miƙe zan nufi zaure.

"Lawali," in ji shi. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, har na waiwaya ko da wani yake. "Wanke hannunka ka zo nan. Mun ɓata hannu tare, tare za mu ci."

Muka ci a kwano ɗaya, yana turo mini nama gabana yana yi kamar ba shi ba. Don murna ban san ko wace miya ce ba. Ranar na koma Maraɗi ina dariya ni kaɗai a kan hanya, na shiga gida na ce wa Rabi yau na yi uba.

Allah Ya gafarta wa Baba Sanda, Ya haskaka kabarinsa, Ya yi masa sauƙi yadda ya sauƙaƙa mini. Allah Ya ba Inna da Rabi haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai ce masa Allah Ya jiƙan sa ba.