Ƙyallen Hancin Bulus

Har gobe ina tuna ranar da na raka Bulus asibiti a Garwa ta ƙasar Kamaru, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Lokacin ni ne shef, wato shugaban masu aikin safe, a masana'antar gurzar auduga, inda inji ke raba auduga da angurya. Ku ma'aikatan yanzu ba ku ga ƙura ba. In inji ya tashi, na kusa da kai ma sai da murya za ka gane shi.

Kamfani kan ba kowa ƙyallen rufe hanci da madarar gwangwani. Mu kuwa mun sakankance madara ke wanke ƙirji, don haka ƙyallen ya zama rara, kowa ya kai nasa gida.

Bulus mutumin duwatsun wajen garin Gidar ne, shi ke tura auduga bakin inji, inda ƙura ta fi kauri. Tari ya kama shi, ya rame. A ƙa'ida, wanda aka samu da tarin fuka aikinsa ya ƙare, ga shi da iyali. Tun kafin a gwada shi abokan aiki suka daina cin tuwo kwano ɗaya da shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, muka zauna jiran sakamako. Likita ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Ba tarin fuka ba ne, ƙura ce. Ina ƙyallen da aka ba ka?"

Bulus ya sunkuyar da kai. "Yana gida, dokta. Madam ke tace kamu da shi. Ta ce ba ta taɓa samun mataci irinsa ba."

Likita ya juyo gare ni. "Shef, naka fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa ma yana can yana aikin koko."

Na yi dariya har da hawaye, don wallahi wani nauyi ne ya sauka daga zuciyata.

Aka mai da Bulus wajen sikeli, a fili, tarin ya lafa kafin kakar auduga ta wuce. Ni kuma na tsare ƙofa, ba ƙyalle ba shiga. Matanmu suka yi ta mita.

Abin da na koya shi ne, ma'aikaci ba ya tsoron ƙurar da ya saba gani kullum, sai ya tsorata da ɗan'uwansa mai tari. Ran da muka dawo daga asibiti, da azahar aka ajiye tuwo, Bulus ya raɓe gefe kamar yadda ya saba. Wanda ya fara gudunsa shi ya tura masa kwano, ya ce, "Sa hannu, Bulus."