Kujerar Hagu

Motar da maigidana ya saya ta girme ni, in ma ba ta girme ni ba to sa'ata ce. Baƙa ce, mai doro a baya, fitilunta sun fito waje kamar idon kwaɗo. Wani tsohon Baturen mishan ne a Kagoro ya yi ta hawanta shekara da shekaru. Da zai koma ƙasarsu ya rasa mai saye sai maigidana, wanda yake koyarwa a firamare a nan Kafanchan. Abin da ya sa kowa ya ƙi ta, sitiyarinta a dama yake. Lokacin ba a daɗe da canza hannun tuƙi ba, an ce kowa ya koma bin gefen dama na titi, sababbin motoci kuma duk suna zuwa da sitiyari a hagu. Tamu ta zamanin da ce. Direba yana can gefen ciyawa, wanda ya zauna kusa da shi kuwa shi ne a tsakiyar titi.

Ranar da ta iso ban san wannan yana da wata illa ba. Fasto ya zo ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, matan zumunta suka yi guɗa, ni kuma ina tsaye da 'yata a baya ina kallon baƙin mai yana ɗiga daga ƙarƙashinta a kan ƙasar da na share da safe. 'Yar tawa lokacin ta fara rarrafe. Ita ce ta biyu, na farkon bai zauna ba, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin ya yi haƙori. Tun daga nan komai na gani sai na fara tambayar kaina ta ina zai taɓa mini yarinya.

Motar ta fi kwana a gareji a kan ƙofar gidanmu. Bakanikenta yana bayan tashar jirgin ƙasa, ƙarƙashin mangwaro, mutum ne mai barkwanci, hannunsa kullum baƙi ƙirin. Tankin mai yana yoyo, ya liƙe da sabulu. Lagireto yana zubar da ruwa, ya sa na kawo ɗanyen ƙwai daga gida ya fasa a ciki, ya ce zai dahu ya toshe ramin. In batir ya ƙi, akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta hancinta a yi ta juyawa har ta yi tari ta tashi. Abin share gilashi kuwa guda ɗaya ya samu, ya ɗaura shi a gaban direba.

Maigidana ya tambaye shi ko za a iya mayar da sitiyarin hagu.

Ya yi dariya ya ce, "Ticha, wannan sai dai a sake haifarta. Kayanta ko a Jos babu. Amma me kake nema da sitiyarin hagu, ga Madam? Madam, zo ki zauna nan."

Na zauna a kujerar hagu, da yarinya a cinya, maigidana ya shiga wajen sitiyari. Ya sa aka turo wata matacciyar babbar mota gabanmu kaɗan, ya ce wa maigidana, "Me kake gani?"

"Bayanta."

"To shi ke nan abin da za ka gani har Kaduna. Madam, ke fa?"

Na ce ina hango mai rake a bakin hanya.

"Madalla. In kun tarar da babbar mota, shi makaho ne, ke ce 'yar jagora. Zai ɗan karkato, ki leƙa. In babu kowa ki ce da hanya. In akwai ki ce dakata. Kada ki ce masa wataƙila, wataƙila ba ta da asibiti."

Su biyu suka yi ta dariya. Makaranta aji uku na yi aka cire ni, yanzu kuma an ɗora ran mutum uku a kan bakina.

Haka muka fara. Kusan kullum dakata nake cewa. Wani lokaci abin da na hango ya iso sai a ga keke ne.

"Maman bebi, keke ne fa! Keke!"

"Ai ban san keke ba ne sai da ya zo."

"In an bi taki, sai mu kwana a bayan motar doya."

Ba mugun mutum ba ne, zafin motar ne yake hawa kansa, domin in ta daɗe tana jan ciki a bayan wata sai ruwanta ya tafasa. A hankali na fara gane abubuwa. Motar da kayanta suka yi tsini tana tafiya a hankali. Ƙananan bas-bas na fasinja, waɗanda ake gani kamar ƙwaro can ƙasan gangare, kafin ka haɗiye yawu sun iso. In ana ruwa, gefena na gilashin ba ya sharuwa, sai na sauke na taga na fitar da kai. Yarinya kuma na daina riƙe ta a hannun hagu, na koma ajiye ta tsakanina da babanta.

Cikin damina Baba ya zo. Wan mahaifin maigidana ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban, shi ya kai shi makarantar mishan lokacin da sauran dangi suke cewa a bar shi a gona. Daga ƙauyenmu na wajen Gwantu ya hau motar kasuwa takanas, don a mayar da shi gida a cikin motar ɗansa mutanen gari su gani. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa jikinta da sanda, ya ce mini, "'Yata, kin shigo gidan nan da ƙafar alheri."

Da safe tun kafin mu gama ɗaure kaya ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya gyara hularsa. A wurinmu wannan ba abin tambaya ba ne. Babba yana nan, mace ba ta zama a gabansa, balle surukarsa.

Na ja maigidana bayan ɗaki.

"Malam, wa zai duba maka hanya?"

"Baba yana da ido."

"Bai taɓa yi ba."

"To je ki ce masa ya koma baya. Je ki, ina kallonki."

Ya san ba zan iya ba, ni ma na san shi ba zai iya ba. Ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya sassauta murya ya ce ba zai wuce kowace mota ba, ko ta shanu ce zai bi ta a baya har gida. Duk da haka ya bayyana wa Baba yadda ake yi, don ko ta kwana. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce shi da yake hango gada a kan dutse tun yana saurayi, mota ce za ta ɓuya masa?

Na shiga baya, daidai bayan Baba, na rungume yarinya.

Mun yi nisa aka fara yayyafi, sai muka tarar da motar katako tana jan ciki da ƙyar, tana watso mana jar laka. Muka bi ta. Muka yi ta bin ta. Warin ƙarfe mai zafi ya fara shigowa, tururi yana fita ta gefen murfin inji. Maigidana yana duban allurar zafi yana tsaki. Babu wurin tsayawa, hagu da dama rami ne da ruwa.

Baba ya ce, "Yaro, motar Bature ce wannan ko jaki? Itace muke rakawa?"

"Za ta saki hanya, Baba."

"Na zaci da rana zan shiga gari."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, wasa yake yi. Amma na ga ƙeyar maigidana, na san ta shige shi. Na ji motar ta ɗan karkata hagu.

"Baba, duba mini."

Baba ya sauke gilashi, ya ɗora hannu a kan taga, ya leƙa da gaske, ba wasa. Ya ce, "Akwai wani can ƙasa, nesa. Ko rafi bai ƙetare ba. Tafi."

Gaskiya ya faɗa. Ya ga motar, kuma nesa take. Sai dai shi duk rayuwarsa nisan mai tafiya da ƙafa yake aunawa.

Na murɗa gilashina da hannu ɗaya, yana cijewa. Kafin na fitar da kai mun riga mun kai tsakiyar motar katakon. Abin da na gani farar bas ce, ta riga ta bar rafin a baya, ina ma iya ganin kwandunan da ke kanta.

Na ƙwala ihu, "Yesu! Koma! Malam, koma!"

Ya taka birki. Birkin motar nan da ma gefe ɗaya ya fi kamawa, a kan laka kuma sai ta juya ƙugu. Babu wurin komawa, katako yana damanmu. Bas ɗin ta kauce iyakar iyawarta, ta goge mu ta hagu tun daga fitila har ƙofata. Ƙarar ba irin wadda nake zato ba ce, kamar ana yage kwanon rufi ne.

Yarinya ta fita daga hannuna. Har yau ban san yadda aka yi ba, na riƙe ta da ƙarfina duka. Na same ta a ƙasa tsakanin kujeru, goshinta ya tsage, idonta a buɗe, ba ta kuka. Na ɗauke ta ina hura mata iska a fuska, ina kiran ta, ina jijjiga ta. Wata mata daga cikin bas ɗin ta fizge ta daga hannuna ta tsoma mata ƙafa a ruwan kwata mai sanyi. Sai ta ja numfashi ta tsala ƙara. A nan na zauna cikin laka.

Sai daga baya na ga Baba. Yana zaune yadda yake, hularsa ma ba ta faɗi ba, yana kallon hannunsa na hagu kamar na wani.

A asibitin mishan suka yanke hannun daga gwiwa. 'Yata an yi mata ɗinki a goshi, likita ya ce a sa ido, in ta fara amai ko fizge-fizge a dawo da ita da gudu. Na sa ido. Ko tari ta yi sai na bar tukunya a wuta.

Dangi suka zo dubiya, suka zauna a tsakar gidanmu suna magana da harshenmu, ba su ko rage murya ba. Wata gwaggon maigidana ta ce da ban yi ihu ba da ya wuce lafiya, mace ce ta ruɗa direba. Wani ya ce a'a, da bai taka birki ba da gaba da gaba za a yi, da yanzu makoki ake. Suka yi ta ja. Ni ina tankaɗe, ban san wanda yake da gaskiya ba a cikinsu, kuma babu wanda zai taɓa sani. Maigidana ya daina cin abinci sosai. Da na kai wa Baba kunu a asibiti, ya kama zanena da hannun da ya rage ya ce, "'Yata, nesa yake fa. Na gan shi da idona. Nesa yake."

Na ce, "Na sani, Baba."

Na so a sayar da motar, amma wa zai saya? Da ma an ƙi ta tun tana lafiya. Ga shi kuma Baba yana bukatar a kai shi gida, a riƙa dawo da shi wankin ciwo, motar kasuwa kuwa ba kullum ba. Bakanike ya jawo ta, ya yi ta bugun gefenta da guduma. Wannan karon bai yi mini wasa ba. Ƙofar gaba ta hagu ta ƙi gyaruwa, ya samo wata shuɗiya daga jikin wata matacciyar mota ya ɗaura, ba ta rufuwa sai an ɗaure da waya. Ya ɗaure birkin, ya ce ya yi iyakar abin da hannu zai iya.

Ni kuwa na riga na faɗa wa Ubangiji cewa yarinyar nan ba za ta sake shiga motar ba. Da aka ce an kusa sallamar Baba, maigidana ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Maman bebi, in ba za ki iya ba, zan nemi wani ya zauna."

Na yi tunanin wanda zai samu. Wani ɗan'uwa ne ko wani malamin makarantarsu, mai kunyar a ce ya cika tsoro. In na zauna a gida da yarinya, ubanta yana kan hanyar nan da idon wani. In na bi shi, ita fa, tana shan nono?

Ba ta isa yaye ba. Tsofaffin mata sun faɗa mini, na ji su. Na tsinko shuwaka a bayan gida, na murza, na shafa a nono. Ta kama, ta saki, ta dube ni, ta sake kamawa, ta saki. Ta yi kwanaki tana kuka tana tura kofin koko da hannu, ta rame har ɗinkin goshinta ya fi fitowa. Sannan ta fara karɓa.

Ranar da za mu ɗauko Baba na miƙa ta ga matar maƙwabcinmu, da kwanon kokonta da zanen goyo. Yarinyar ta riƙe wuyan rigata sai da aka ɓamɓare yatsunta. Na shiga, maigidana ya ɗaure mini ƙofa da waya daga waje. Da muka isa asibiti, Baba da kansa ya nemi baya, ya ce yana so ya miƙe ƙafa. Kafin mu fita Kafanchan gaban rigata ya jiƙe sharkaf da nono, na ja gyale na rufe, na sauke gilashi.