Waliyyin Nasara a Jakar Baba

Ranar Talata ce. Da hantsi ina dakan gero, 'yata Hajo tana goye a bayana. Babana baduku ne, yana ƙofar gida yana ɗinkin kube.

Shekara biyu kafin nan wani mompe, limamin Kiristoci, ya ratsa ƙauyenmu a Kurfai. Baba ya gyara masa sirdi. Shi kuma ya ba shi hoton wani Fafaroma na zamanin da. Ya ce waliyyi ne, sarki ya tura masa sojoji har cikin majami'a amma bai gudu ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Baba musulmi ne, amma ya ce ba yadda nasara zai ƙi jin nauyin waliyyinsu. Ya ɗinke hoton cikin fata kamar laya, ya ajiye a jaka.

Kafin azahar muka ji kofatan dawaki ta hanyar Filinge. Sojoji tara da nasara ɗaya, sun zo kamun maza aikin dole.

"Ku hito! Maza duka!"

Mijina da sauran suka tsallake danga suka yi daji. Baba bai gudu ba. Ya farke layar da wuƙarsa, ya ɗaga hoton sama, ya nufi dokin nasaran. Ya manta wuƙar tana hannunsa.

Nasaran ya sunkuyo ya duba, ya yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan raina tafasa yake. Wani soja ya ga wuƙa. Harbi ɗaya, Baba ya faɗi.

Da la'asar rumbuna suna ci da wuta, ladan gudun da maza suka yi. Muka yi arewa, ni da Inna da mata biyar, ba ko gora. Kwana uku muka yi kafin mu isa garin Sanam. A rana ta biyu Hajo ta daina kuka.

Sai bayan shekaru wata Kirista a Yamai ta ƙarasa mini labarin. Ashe shi ma Fafaroman jan sa suka yi daga majami'ar, aka kai shi wata ƙasa, yunwa ta kashe shi. Mompe ya san haka sarai. Rabin labari ya ba tsoho ya hau dokinsa, kuma ban yafe masa ba.

Mijina ya same mu bayan wata guda. Hajo na san gindin adduwar da muka rufe ta a hanya. Baba kuwa har yau ban san wanda ya rufe shi ba.