Kwana Biyar ɗin Mai Tsumma

Kafin rana ta fito Mai Tsumma ta riga ta buɗe shagonta na sayar da irin shuka. Ba da shara take farawa ba. A bayan ƙofa akwai katakon da mijinta ya kafa mata a bango, a kansa farantai ne a jere, kowanne da tsumma mai laima a naɗe. Sai ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a benci, ta warware a hankali kamar mai kwance wa jariri zane. Ƙwaya goma ce a cikin kowane tsumma: wannan masara, wannan wake, wancan kabewa. Ta duba waɗanda suka fasa suka fito da farin tsiro. In takwas ne ko fiye, ta ɗora farantin a kan buhun da ƙwayoyin suka fito, mai saye ya gani da idonsa. In bai kai takwas ba, buhun ya koma bayan shago, ko wane ne ya zo nema. Kwana biyar iri ke yi a tsumma kafin ta sayar da ko cokali ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka.

A watan da ya wuce ta ajiye aikin. Gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara nuna mata tsiro ɗaya a matsayin biyu. Ta miƙa wa surukarta mabuɗi, ta koma gida.

Ni ban taɓa zama a aji ba, ɗan rubutun nan ma da furfurata na koye shi. Amma noma, babu mai koya mini shi a garin nan. Na ga farin da ya kashe shanu a tsaye. Maciji ya sare ni sau biyu, macizan ne suka mutu, ni ina nan. Mota ta kife da mu, na fito ina kakkaɓe riga ina neman hulata. Sa'o'ina duk na raka su. Saboda haka ba kowa nake ɗaga wa hannu ba, kuma in na ɗaga, a saurara. Sunan nan ma da ke rubuce a allon shagonta ni na raɗa mata shi. Don ba'a na raɗa, gaskiya, amma dai daga bakina ya fito.

Da faranti ɗaya ta fara, a ƙofar gida, tana amarya. Mijinta tela ne, ɗinkin kuwa a ƙauye wata biyu a yi, wata goma a zauna. Wata shekara ta shuka waken da ta sayo a kasuwa a bayan ɗakinta, ta yi ta jira, ko ɗaya bai leƙo ba. Tun daga ranar ta ce ba za ta ƙara sa ƙwaya a ƙasa ba sai ta ga ranta tukuna. Da ta fara sayarwa sai ta ɗora wa kanta dokar nan. Mu maza muna wucewa muna dariya, mace tana yi wa masara jego.

Shekara takwas tana tarawa kafin ta samu shago. A shekarar da ta buɗe shi ne wani dillali daga birni ya kawo sabon irin masara, buhuna masu hoto, ƙwayoyi manya an shafe su da jan magani, kyakkyawa kamar a sa a wuya. Ta sayar da awakinta bakwai da kabad ɗin ɗakinta, ta cika shagon da buhunan nan. Duk abin da ta mallaka yana cikinsu. Ranar da aka sauke kayan ta ɗebi goma daga sama, goma daga tsakiya, goma daga gindin buhu, ta naɗe. Washegari ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har ƙasa ta jiƙu kamu guda.

Da hantsi ƙofar shagon ta cika da manoma, kowa da kwanonsa. Ni ne a gaba.

Na ce, "'Yar nan, buɗe buhu ki auna mana."

Ta ce, "Baba, jiya na sa a tsumma. Saura kwana huɗu."

"Ruwan zai zauna a benci ya jira ki ne?"

Aka yi dariya. Na zura hannu a buhu, na ɗauko ƙwaya ɗaya, na sa a haƙori na cije, ta fashe tas.

Ta ce, "Baba, tofar! Akwai magani a jikinta."

"Maciji ma bai ga bayana ba, balle jan kala. Irin nan da ransa. Shekara arba'in haƙorin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ke dai kin zama Mai Tsumma kawai."

A nan sunan ya kama. Ita kuwa ta ɗaure bakin buhun, ta zauna a kansa. Wasu suka tsaya jira suna gunaguni. Ni da mutum shida muka nufi kasuwar garin da ke gaba, inda dillalin ke sayar da irin nan ɗin dai daga bayan motarsa. Muka sayo, muka shuka a ranar.

A kwana na uku ta warware tsumma ta ji yana tsami. A na biyar, na sama ya ba da uku, na tsakiya uku, na gindi biyu. Ba ta ɓoye ba. Ta jera farantan a bakin ƙofa, duk mai wucewa ya gani.

Ranar kasuwa ta ɗauki faranti ɗaya ta kai wa dillalin. Waɗanda ke wurin sun ce ko kallonsa bai yi ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, da na'ura aka gwada irin nan. Ke da tsumman goge tukunya za ki ƙaryata kamfani? Kayan da ya kwana a shagonki ba ya dawowa."

Abin da ya faru a gida kuwa telan da kansa ya ba ni labari, bayan shekaru, yana sunne kai. Irin da magani ne, ba ya ciwuwa, ko kaji ba a ba. Ya ce mata, "Akwai ragowar na bara mai kyau. Ki gauraya rabi da rabi. Wanda ya shuka zai ga tsiro, inda ya yi giɓi ya ɗora wa ɓera. Wa zai sani? In ba haka ba shagon nan ya mutu."

Ta ce, "Maigida, matar marigayi maƙeri tana cikin masu jira. 'Ya'ya huɗu, gona ɗaya. In gonarta ta fito da giɓi, gobe ta gaishe ni a rijiya, da wane baki zan amsa?"

Da safe ta sa aka haƙa rami can nesa da rijiya, aka juye buhunan nan duka, aka rufe, mutane na tsaye suna kallo. Ta tsaya har aka daddale ƙasar. Awaki bakwai da kabad ke nan a rami.

Amma fa masu jira suna nan, ƙasa na shan iska, ragowar na bara kuwa ba za ta ishe su ba. Ashe tun ranar da ta ji tsamin nan ta fara bin gidaje, ba wajen maza ba, wajen mata. Kusan kowace mace tana da ɗan irin da ta ɓoye, wata a kwalba, wata a gwangwani da toka, wata a tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gado, wanda ko mijinta bai san da shi ba. Ta karɓi goma-goma daga kowacce, ta naɗe, ta ɗaura wa kowane tsumma zare mai launi daban don kada ta rikita na wa da na wa. Farantai suka ƙare har sai da ta ari murafen tukwane. Wanda ya tsiro aka tattara aka raba. An yi shuka a makare da kwana takwas, amma gonakin nan sun fito layi-layi babu giɓi.

Tawa kuwa, wadda ta riga ta kowa, ta fito kamar bakina na yanzu: haƙori nan, fili can. Ban gaya wa kowa ba, sai dai gona ba ta da ƙofa.

Wata safiya ina zaune a ƙofar gida sai ga ta da kwano, faranti a kansa, tsiro tara a tsumma.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana? Ga wannan, na matar maƙeri ne. Har yanzu ƙasa da laima."

Na ce, "Ni na aika a kawo mini?"

"Ba ka aika ba. Zan dai ajiye a nan. Ga kaji can suna kallo."

Ta tafi abinta. Saboda kajin nan na ɗauka. Na sake shuka, kuma da ƙwarewata, ba don ita ba, masarata ta kamo ta kowa kafin kaka. Gidana bai kwana da yunwa ba a shekarar.

Shagon ya rufe. Shekara biyu ta koma faranti a ƙofar gida, kayan sawarta a kwali. Sai dai matan nan da aka ga ran irinsu ba su koma ɓoyo ba. Ta ce kowacce ta ware ɗan fili a bayan gida ta noma iri kawai, ta zaɓi zangarniya mafi kyau, ta shanya a inuwa, ta kawo. Ita za ta gwada ta sayar, mai iri ta karɓi nata. Da haka ta sake buɗe shagon. Da mata biyar aka fara, yau sun haura ashirin, har daga garuruwan kewaye ake zuwa da babur ana tambayar shagon Mai Tsumma. Matar maƙeri ta cire rufin da ke yoyo ta sa kwano, babbar 'yarta kuma ita ce ke yi mini awon jini a asibitin garin nan, tana yi mini faɗa a kan gishiri. Famfon da ke bakin layinmu matan ne suka haɗu suka kafa, tun daga nan na daina ganin mai ciki da tulu a kan hanyar rafi.

Ba kowa ne ya ji daɗinta ba, kuma ba zan ce kowa ba. Ta taɓa mayar wa ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya da buhun wake saboda ya ba da bakwai. Shekara guda ba sa gaisawa. Fara'arta ma ba ta da yawa. In ka tsaya surutu a shagonta, sai ka ga ta ɗauki faranti ta juya maka baya.

Mai Tsumma, ke ce wadda ta zauna a kan buhu maza talatin na tsaye a kanta. Ke ce kika binne dukiyarki da rana tsaka don kada ki binne damina a gonar wani. Kin ji sunan da aka yi miki don a wulaƙanta ki, kika sa aka rubuta shi a allo da fenti. Na ga masu ƙarfi da yawa a rayuwata, ni ma ina cikinsu, amma ban ga wanda ya iya jiran kwana biyar ɗin nan irinki ba.

Bana ruwan farko ya sauka kwana biyu bayan surukar ta sa sabon kaya a tsumma. Ƙofar shago ta cika kamar wancan karon. Na jawo sandata na je don in gani. Wani ya ce, "Uwar shagon ta tafi, ke dai auna mana." Surukar ta waiga wajen gidansu. Mai Tsumma na zaune a ƙofa, ƙafa a miƙe, ko motsi ba ta yi ba. Sai yarinyar ta ɗaure bakin buhu ta ce, "Saura kwana uku." Babu wanda ya tafi kasuwar gaba. Wanda ya fara gunaguni ma ni na daka masa tsawa.

Mun gode, 'yar nan. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya bar ki ki ci abin da kika shuka. Ku kuma matan da ke da ɗan faranti a ƙofar gida, ko sabulu kuke sayarwa ko ƙwai, ku samo naku tsumman, abin da za ku gwada kayanku da shi kafin ya shiga hannun mutane, ku kuma iya zama a kan buhu ranar da aka taru a kanku. Maza ma ban cire ku ba.

Ni dai yanzu a ƙarƙashin gadona akwai faranti. Bana ƙwaya goma na ware, tara suka tsiro. Ta goman ba laifinta ba ne. Ni na cije ta, don haƙori huɗun da suka rage mini kada su manta aikinsu.