Man Shanun Indiya a Tuwon Surukaina

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da maganin Indiyawa ya shiga tuwon surukaina ba.

Lokacin ina budurwa a gidanmu na unguwar Hindawiyya, can ƙasar Larabawa, kaina cike da littattafan soyayya da ake aiko mana daga Kano. A cikinsu kowace jaruma fatarta sheƙi take yi, saurayi na ganinta sai numfashinsa ya ɗauke. Nawa saurayin direban motar kaya ne a unguwar Bani Malik, kuma duk zuwan da yake yi numfashinsa lafiya lau. Na yanke cewa laifin fatata ne.

Saura mako guda dattawansa su zo neman aurena, na tafi hutun lafiya na kwana uku a wani gidan Indiyawa a Aziziyya, inda ake maganin gargajiyarsu, Ayurveda. A zatona cikin furanni zan kwanta ana yi mini fifita. Sai ga ni shimfiɗe a kan katako ana tsiyaya mini mai a goshi kamar injin markaɗe, abinci kuwa kunun shinkafa ba gishiri. Da zan fito, likitar ta ba ni kwalbar man shanu da aka dafa da saiwoyi, ta ce yana wanke ciki, fata ta yi haske. Ta ɗaga yatsa: cokali ɗaya kowace safiya. Na ajiye a kicin ban gaya wa kowa ba, don ban taɓa karanta jarumar da ke shan maganin wankin ciki ba.

Ranar zuwan baƙi, Umma ta ce dattawa sun gaji da shinkafar Larabawa, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Man shanunta ya ƙare, ta ga kwalba, ta malala rabi. Ina ɗaki ina zizara kwalli. Man nan ɗaci ne da shi, amma wane baƙo zai kushe tuwon gidan surukai? Suka cinye, har da sa albarka.

Ana cikin shan shayi Abba ya leƙo wajen Umma, ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, kawun yaron nan sau uku yana neman banɗaki, ko maganar ba mu fara ba." Sai ya dafe cikinsa. "Dakata, ina zuwa."

Banɗakinmu ɗaya ne. Ta labule na hango dattawa huɗu cikin fararen jallabiyoyi, kowa riƙe da buta, ba mai kallon wani. Kafin magariba suka tafi, ba a ambaci aure ba. Da na ga kwalbar, na faɗi gaskiya.

"Ke ya binti!" in ji Umma. "Man shanu a kicin, in ba tuwo ba ina za a zuba shi?"

Kwana biyu ina kuka, har na tsara yadda zan rame, ya zo yana nadama. Rana ta uku saurayin ya bugo waya yana dariya.

"Kawu na gaishe ki. Ya ce shekara da shekaru cikinsa a ɗaure, bai taɓa jin sakayau haka ba. Ya ce halas, magana ta ƙare, Juma'a za su dawo a sa rana. Amma a tambayar masa Umma inda take sayen man shanun nan."

Yau ƴaƴanmu uku, fatata tana nan yadda Allah ya yi ta, numfashin maigidan bai ɗauke ba har yanzu. Abin da na koya: duk abin da kunya ta sa ka ɓoye wa mutanen gidanku, shi za su zuba wa baƙinka a faranti.