Yabon Da Ya Raba Ni Da 'Yata

Ni dai yabo ne ya cuce ni. Haihuwar fari a gidanmu na yi ta, a Azare, zamanin da motocin gyaɗa suka fara shigowa garin. Mace na haifa. Aka kafa tukunyar wanka, Inna tana fyaɗa min ruwan zafi da ganyen runhu safe da yamma, ana ɗura min kunun kanwa. Jiki ya warke sarai, amma akwai abin da ya danne min ƙirji wanda ruwan zafi bai kai wurinsa ba. Abinci ya fita raina, barci ya ƙaurace min, hawaye su yi ta zuba ba wanda ya taɓa ni. Jaririyar tana tsala kuka a gefena ina kallon bango, kai ka ce 'yar maƙwabta ce. Nono ma sai Inna ta ɗora min ita a cinya.

To mu jinin Fulanin Udubo ne, a wurinmu uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Shi ya sa 'yan barka suka yi ta sa min albarka. Goggo har nuna ni take yi, wai a zo a ga kunya irin ta mutanen da, yarinya ko kallon 'yarta ba ta yi. Wallahi ba kunya ba ce, ciwo ne. Ban dai san sunansa ba, kuma ina za a nema min magani ana tsakiyar yabona?

Yayata, Adda, tana aure a Katagum, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zo suna ta shantake. Ita ce goyo, ita ce rarrashi, ta cusa hanci a wuyan yarinyar tana dariya. Ina kwance ina kallonsu ta wutsiyar ido. Komai na duniya ya mutu a raina lokacin, ban da haushin dariyar nan. Ni na yi naƙuda, amma daɗin 'yar wata ke ji.

Haka na yi ta jan jiki har yaye. Manya suka yanke a ba Adda riƙo. Ba wanda ya tambaye ni, uwar ɗan fari ba ta da ta cewa, mijina ma kai ya sunkuyar. Ko an tambaye ni ma, a halin da nake ciki "to" zan ce.

Sai da damina ta zagayo abin ya fara sakina. Wata safiya ina tankaɗe na ji 'yar maƙwabta tana kiran uwarta, sai son 'yata ya taso min gaba ɗaya, na saki rariyar a ƙasa. Na hana mijina sakat har ya sa ni a motar Katagum.

Na tarar Adda tana yi mata kitso a tsakar gida. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyarta, ta yi ɓulɓul, goshi irin nawa sak. Na miƙa mata nakiyar da na riƙo, ta karɓa ta kai wa Adda ta ajiye mata. Na yi kwanaki ina cin tuwon Adda ina kishinta. Yadda take hura wa yarinyar kunu haushi, yadda yarinyar ke bin bayanta har bakin rijiya haushi. Kuma baiwar Allahn nan ba ta yi min laifin komai ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Ranar komawata na cire kunya, na same ta a madafi.

"Adda, na warke. Ki ba ni ita."

Ta ajiye muciya ta dube ni, kuma na ga da gaske ba ta gane ba.

"Kin warke daga me? Yaushe kika yi ciwo?"

To me zan nuna mata? Ba tabo, ba shaida, Innar da ta yi min wanka ma ba ta sani ba. Na hau mota ni kaɗai. A Katagum yarinyar ta girma, daga ɗakin Adda aka kai ta gidan miji.