Baba Illa da ƙanƙarata

Jama'a, yau na yi ƙyashin haƙoran tsoho, ku ji yadda ta kaya!

Tun da zafin nan ya shigo, ruwan sanyi ya gagare ni. Kurɓa ɗaya, sai in ji tsam har cikin ƙwaƙwalwa. Ni da nake dirje haƙorana kullum da gawayi da lemun tsami don su yi fari!

Da azahar ina butik ɗina, wato shagona, a unguwar Sersouf, gumi na zuba, ina shan ruwa mai ɗumi kamar maras lafiya. Sai ga Baba Illa, maƙwabcina mai sayar da dabino. Ya buɗe firigo, nawa fa, ya ɗauko ƙanƙara ya jefa baki. Ƙurus! Ƙurus! Ko ido bai ƙifta ba!

Wallahi raina ya sosu. Sa'an babana ne fa!

Na ce, "Baba, da me kake goge su? Duk zaman nan namu kana ɓoye mini?"

Ya ce, "Ruwa kawai, ɗana."

Na ce, "Rowa dai, ba ka son nawa su kamo naka."

Sai ya sa yatsa biyu a baki, ya zaro haƙoran gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya ɗauraye su a kofina! Na roba ne!

Ya ce, bakinsa sai dasashi, "Ni ma da gawayi da lemun tsami na fara. Ci gaba, kana hanya."

Na zubar da gawayin. Amma har yanzu ina jiyo shi yana taunar ƙanƙarata, ni kuwa ga ni da ruwan ɗumi!